Shirin Tafiya Kallon Gasar Ƙwallo Ta Duniya

Yau babu ƙauyen da ba a san ƙwallon ƙafa ba, wanda dattawa ke kira tamaula. Yara suna buga shi a fili bayan la'asar, samari suna biyan kuɗi su shiga gidan kallo da dare. Kowace shekara huɗu kuma a kan yi babbar gasa. Ƙasashen da suka fi gwaninta su taru wuri ɗaya, su yi ta karawa har wata guda, sai an fid da zakara. Ita ce Gasar Cin Kofin Duniya. An fara ta a 1930 a ƙasar Yurugwai. Ƙungiyar da ke shirya ta sunanta FIFA. Nijeriya ta fara shiga a 1994 a Amurka, zuwanta na shida kuwa shi ne na Rasha a 2018.

Idan lokacin gasar ya zo, sai ka ji samari suna cewa ina ma su je su gani da idonsu. To, mutumin ƙauye yana iya zuwa? Ƙwarai kuwa, babu dokar da ta hana shi. Amma tafiya ce mai cin kuɗi, mai yawan takardu, ga kuma mazambata suna jiran wanda bai san hanya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bari mu ɗauki gasar Rasha ta 2018 mu bi ta sannu a hankali, don mu ga yadda a ke shirin, da inda mutane su kan yi tuntuɓe.

Ka fara sanin inda za ka

Ba a yin gasar a gari ɗaya. A Rasha an yi wasa 64 a garuruwa 11, daga 14 ga Yuni zuwa 15 ga Yuli. Kafin mutum ya biya ko kwabo, sai ya jira abu biyu.

Na farko, ƙasarsa ta sami shiga? Ba kowace ƙasa ke zuwa ba, sai wadda ta ci wasannin share fage. Nijeriya ta sami gurbinta ran 7 ga Oktoba 2017, da ta ci Zambiya ɗaya ba ko ɗaya a Uyo. Amma ba kullum a ke kwana a gado ba. A watan Maris 2022 Ghana ta fitar da mu a Abuja, ba mu je Katar ba. A watan Nuwamba 2025 Kwango ta fitar da mu a Rabat, a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Wanda ya yi garaje ya biya jirgi da masauki tun kafin wasan ƙarshe, don ya tabbata a ransa za mu ci, ka ga ya yi hasara, sai fa in dama ya yi niyyar zuwa ko da 'yan wasanmu ko babu.

Na biyu, ƙuri'a. Kamar wata shida kafin gasar a kan yi ƙuri'a, a raba ƙasashe rukuni-rukuni, huɗu-huɗu. Ranar ce kowa ke sanin da wa zai kara, a wane gari, a wace rana. An yi ƙuri'ar Rasha ran 1 ga Disamba 2017 a Mosko. Ga abin da ya faɗo wa Nijeriya. Mun rubuta sunayen garuruwan yadda a ke rubuta su a kan tikiti, don ku saba da ganinsu. Ran 16 ga Yuni da Kuroshiya a Kaliningrad. Ran 22 ga Yuni da Aisland a Volgograd. Ran 26 ga Yuni da Ajantina a Saint Petersburg.

A takarda abin kamar mai sauƙi ne, layi uku kawai. Amma ɗauko taswira ka duba. Daga Kaliningrad zuwa Volgograd ya fi kilomita 1,700. Daga Volgograd zuwa Saint Petersburg ya fi kilomita 1,500. Kano zuwa Ikko, watau Legas, kamar kilomita 1,000 ne ta mota, kun kuwa san yadda tafiyar ta ke. Akwai wani abu kuma. Kaliningrad garin Rasha ne, amma ba ya haɗe da sauran ƙasar. Lituwaniya da Folan da teku sun kewaye shi. Wanda ya ce zai bi ƙasa daga can zuwa Mosko, dole ya ratsa ƙasar wasu, su ma da tasu bizar dabam. Saboda haka sai jirgin sama, ƙarin kuɗi ke nan.

A ganinmu mai ƙaramin ƙarfi kada ya ce sai ya bi 'yan wasa duk inda suka je. Ya zaɓi gari ɗaya, ya kalli wasa ɗaya ko biyu, ya dawo. Wanda ya zaɓi Volgograd a shekarar nan bai yi da-na-sani ba. A nan ne Ahmed Musa, wanda ya taɓa buga wa Kano Pillars, ya zura ƙwallo biyu, muka ci Aisland biyu ba ko ɗaya. Sauran wasanni biyun duk an ci mu.

Kowace gasa da irin shimfiɗarta. A Katar a 2022 filayen wasa 8 ne, duk a birnin Doha da kewayensa, har mutum ya kan kalli wasa biyu rana ɗaya. Gasar 2026 kuwa an raba ta tsakanin Amurka da Kanada da Meziko, ƙasashe 48, wasa 104, garuruwa 16. Ta 2030 an ba Maroko da Sifen da Fotugal. Ta 2034 an ba Saudiyya.

Takardu

Takarda ta farko ita ce fasfo. Hukumar Shige da Fice ke ba da shi, ba wani mutum a bakin hanya ba. Ba a yi maka sai kana da lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda a ke kira NIN. Akwai na shekara 5, akwai na shekara 10. A watan Satumba 2025 aka mai da kuɗin na shekara 5 naira 100,000, na shekara 10 kuma naira 200,000. Idan kana da tsohon fasfo, buɗe shafin da hotonka ya ke, ka karanta ranar da zai ƙare. Ƙasashe da yawa ba su karɓar fasfon da saura ƙasa da wata shida ya mutu.

Ka lura da sunanka ƙwarai. Mutum ɗaya a gida a na kiransa Mamman, a makaranta Muhammadu, a banki Mohammed. A nan gida duk mun san shi ne. Na'urar filin jirgi ba ta sani ba. Yadda aka rubuta sunanka a fasfo, haka za a rubuta shi a biza, da tikitin jirgi, da tikitin wasa, baƙi da baƙi. Idan wani ne ya cika maka takarda, kada ka tashi sai ka sa yatsa ka bi kowane baƙi da kanka.

Sai katin rigakafi, mai launin ruwan ɗorawa. Shi ke shaida an yi maka allurar cutar shawara. Ma'aikatan lafiya na tashoshin jirgi ke ba da shi. Allurar ba ta fara aiki a wurin hukuma sai bayan kwana 10, don haka ba a barinta sai ana gobe tafiya. Sau ɗaya a ke yinta, ta isa har ƙarshen rai.

Sa'an nan biza, watau iznin shiga ƙasar mutane. A nan sai a natsu, don kowace gasa da nata tsari. A 2018 Rasha ta sauƙaƙa. Duk wanda ya sayi tikitin wasa, sai ya nemi wani kati mai hoto da aka kira Fan ID, katin shaidar ɗan kallo ke nan. Kyauta a ke ba da shi. Da shi mutum ya ke shiga ƙasar ba biza, da shi ya ke shiga filin wasa, har ma ya hau wasu jiragen ƙasa kyauta tsakanin garuruwan gasar, in ya kama wurin zama da wuri. Katar ma ta yi irin wannan a 2022, katinta sunansa Hayya. Amma a gasar 2026 babu haka. Tikitin wasa dabam, biza dabam, kowa sai ya nema a ofishin jakadanci, a na kuwa iya hana mutum ko da tikiti a hannunsa. Sifen da Fotugal suna cikin ƙasashen Turai masu biza ɗaya da a ke kira Shengen. Mai nemanta ya kan nuna takardar banki, da shaidar masauki, da tikitin dawowa, da inshorar lafiya. Abin da su ke so su gani shi ne kana da abin ci da kai, kana kuma da abin da zai dawo da kai gida.

Tikiti da mazambata

Tikitin shiga filin wasa wuri ɗaya ya ke fitowa, daga FIFA, ta shafinta na intanet. A kan sayar kashi-kashi. Wani lokaci kowa ya rubuta abin da ya ke so a yi ƙuri'a, wanda ya dace a cire kuɗi daga katin bankinsa. Wani lokaci kuma wanda ya riga shi ke samu. Ba a biya da tsabar kuɗi, sai da katin banki wanda ke aiki a ƙasashen waje. Ka je bankinka ka tambaya tun da wuri, don ba kowane kati ke yi ba.

Yanzu ga abin da ya sa muka rubuta wannan darasi. Sauƙin nan da Rasha ta yi, shi mazambata suka mayar tarko. Suka riƙa bin matasa a Nijeriya suna cewa katin ɗan kallo hanyar shiga Turai ce. Wani a ce masa aiki na jiransa, wani a ce za a kai shi kulob ya buga ƙwallo. Matasa suka biya kuɗi masu yawa a kan katin da a ke bayarwa kyauta. Da suka sauka, babu aiki, babu kulob, don katin ba ya ba da iznin aiki ko kaɗan. Wasu suka je filin jirgi za su dawo, suka tarar wanda ya saya musu tikitin dawowa ya soke shi ya karɓe kuɗin. Suka yi ta kwana a filin jirgin Mosko da ƙofar ofishin jakadancin Nijeriya, ba abinci, ba su jin harshen ƙasar. Sai da Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umurni aka kwaso su. A watan Yuli 2018 jirgi ya sauke mutum fiye da 100 a Abuja. Waɗannan su ne suka yi sa'a. An kuma sami 'yan mata da aka yaudara da katin nan aka jefa su cikin mummunar sana'a.

To, yaya a ke gane mazambaci? Ba wuya. Zai ce ka kawo kuɗi da fasfo, kai dai ka zauna gida shi zai yi kome. Zai ce ya san wani a ciki. Zai ce yau ne kaɗai dama, gobe an rufe. Ba ya son ba da rasit, ba ya son ka je da wanda ya iya karatu. Ya kan faɗi farashi mai arha wanda hankali ba ya ɗauka. Sau da yawa kuma ba baƙo ba ne, ta hannun wanda ka sani ya ke zuwa, shi ya sa a ke jin nauyin tambayarsa. Kada ka ji nauyi. Idan wakilin tafiye-tafiye ya saya maka tikitin jirgi, akwai wata lamba mai baƙaƙe shida a kan takardar. Ɗauki lambar ka je ofishin kamfanin jirgin da ƙafarka, ko ka buga musu waya, ka tambaya: an biya tikitin nan, zuwa da dawowa? Ka sake tambaya ana saura kwana biyu ka tashi.

Lissafin kuɗi

Mutane da yawa suna tsammani tikitin wasa ne babban kuɗi. A'a, shi ne ƙarami. A 2018 tikiti mafi arha ga baƙo a wasannin rukuni dala 105 ne. Mafi tsada a wasan ƙarshe dala 1,100. Akwai wanda ya fi arha, amma mutanen Rasha kaɗai aka sayar wa. Wasa uku ke nan dala 315.

Ku ɗauko fensir mu yi lissafi. A shekarar nan a na sayar da dala ɗaya kamar naira 360 a kasuwa. Dala 315 sau 360, naira 113,400 ke nan. A cikin 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Dala 315 sau 1,500, naira 472,500. Tikitin bai canja ba, kuɗinmu ne ya rage ƙarfi. Saboda haka mai tara kuɗin tafiya shekara uku ko huɗu, kada ya yi lissafinsa da naira kawai. Wanda ya binne takardun kuɗi a tukunya zai tono su ya tarar sun rame. Gara ya sa su a kiwo, ko ya buɗe asusun dala a banki ya riƙa zubawa kaɗan-kaɗan.

Manyan masu cin kuɗi su ne jirgi da masauki. Daga Nijeriya zuwa Mosko babu jirgi kai tsaye, sai an sauka a Istanbul ko Alƙahira ko Dubai a canja. Masauki kuwa, lokacin gasa masu ɗakuna su kan ninka farashi, kamar yadda kuɗin mota ke tashi ana gobe Salla. A Katar wuri ya yi wuya har aka kwantar da 'yan kallo a jiragen ruwa da tantuna, wasu ma a Dubai suka sauka, suna zuwa da jirgi ranar wasa su koma. Mai bin Nijeriya wasa uku a Rasha sai ya kwana kamar 12. A ce, don misali, ya sami ɗaki dala 50 kowane dare. Dala 600 ke nan, kusan ninkin tikitinsa biyu, bai ci abinci ba tukuna. Idan mutum uku ko huɗu suka haɗu suka kama ɗaki ɗaya, nauyin ya ragu, sun kuma zama masu kula da juna. Bayan an gama lissafi duka, a ƙara wani abu a kai saboda ciwo ko rasa jirgi.

Daga ina kuɗin za su fito? A nan za mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba. Wasan ƙwallo minti 90 ne. Ba a sayar da gona dominsa, ba a jinginar da ita, ba a taɓa hatsin rumbu ko shanun huɗa, ba a cin bashi. Wanda ribar kasuwancinsa ko kiwonsa ta kai, bayan ya bar wa iyali abin da zai ishe su, ya tafi lafiya. Wanda bai kai ba, gidan kallo yana nan, ƙwallon da aka ci a Volgograd an gan shi a can ma.

Akwai kuma wata hasara da ba a rubuta ta a takarda. Galibi a Yuni da Yuli a ke yin gasar nan, watau tsakiyar damina, lokacin shuka da noman fari. Manomin da ya bar gonarsa mako biyu a lokacin nan, ciyawa ba za ta jira shi ba. Sai ya sa kuɗin 'yan ƙodago cikin lissafi, ya kuma sami ɗan'uwa amintacce mai tsaya masa. A 2018 ma an yi Ƙaramar Salla ran 15 ga Yuni, washegari Nijeriya ta buga wasanta na farko. Duk wanda ya je wasan nan a hanya ya yi Salla. Irin wannan sai an yi shawara da iyaye da iyali tun da nisa.

Mai son ya fara da tafiya mai sauƙi, akwai Gasar Kofin Afirka. Wadda aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024, ɗan Nijeriya bai bukaci biza ba, don ƙasashen biyu suna cikin ƙungiyar ECOWAS. Mun kai wasan ƙarshe a Abijan ran 11 ga Fabrairu, masu gida suka ci mu biyu da ɗaya. Ta 2027 an ba Kenya da Tanzaniya da Yuganda.

Kaya da agogo

Galibi kamfanin jirgi ya kan yarda da kilo 23 a kowace jaka, abin da ya ɗara sai ka biya. Ka ɗaure kayanka da hannunka. Kul ka karɓi saƙon wani a filin jirgi, ko da ya ce magani ne zai aika wa uwarsa. Idan aka sami ƙwaya a ciki, sunanka ne a kan jakar, kai za a kama. Idan kana shan maganin asibiti, tafi da takardar likita. Kilishi da dambun nama guzuri ne mai kyau, amma Amurka da ƙasashen Turai ba su yarda matafiyi ya shiga da nama ba, za a karɓe, wani lokaci har da tara. Alhazai ma sun san a kan hana su ɗaukar goro zuwa Saudiyya. Ka sa a ɗauki hoton fasfonka da bizarka, ka bar ɗaya a gida, ka riƙe ɗaya a jaka dabam. Ka rubuta lambar wayar ofishin jakadancin Nijeriya na ƙasar a takarda, kada ka dogara ga waya kaɗai, don caji ya kan ƙare.

A kan tikiti ba a rubuta safe ko dare. Sa'a 24 a ke ƙirgawa a jere. Idan lambar ta wuce 12, cire 12, abin da ya rage na yamma ne ko na dare. Wasanmu da Aisland an rubuta 18:00, ƙarfe shida na yamma ke nan. Wanda muka yi da Ajantina 21:00, ƙarfe tara na dare. Agogon can a ke nufi, ba na gida ba. Mosko tana gaban Nijeriya da sa'a biyu, Kaliningrad da sa'a ɗaya. Da ka sauka ka gyara agogonka. A Saint Petersburg a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare, duhu ma ba ya yi sosai, don haka mai duba inuwa ya gane lokacin salla zai rikice. Sai ya nemi jadawalin masallacin garin. Ranar wasa kuma ka isa fili da sa'a biyu ko uku kafin a fara, saboda layin bincike yana da tsawo.

Dawowa

Kowane izni yana da ranar ƙarewa. A kan rubuta ta a kan biza, ko ma'aikaci ya buga ta a fasfo ranar da ka shiga. Ka karanta ta tun kana gaban teburinsa, ka fita ƙasar kafin ta cika. Wanda ya wuce ranar, a na iya cin sa tara, ko a tsare shi, ko a hana shi sake shiga shekaru da yawa. Ya kuma ɓata wa na bayansa, don ofishin jakadanci yana ƙirga mutanen kowace ƙasa da suka je ba su dawo ba.

Kuɗin ƙasar da suka rage a aljihunka, ka canja su kafin ka taso, musamman sulalla, don a nan ba mai karɓarsu. Tun ranar da za ka bar gida kuma ka ware kuɗin motar da za ta kai ka daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa ƙauyenku, na naira, ka ɗinke su cikin aljihun ciki, kada ka taɓa su sai ka sauka.